Kaza Mai Shan Ƙwanta: A Gyara Abinci, a Gyara Sheƙa, a Taɓa Baki, ko a Yanka?

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a bayan ɗaki a garin Sakkwato, ya kuma yi kukan cewa ƙwai yana ɓacewa daga sheƙa, ya san ba a rasa masu ba da shawara. Maƙwabciya za ta ce a ƙona wa kazar baki da wuƙa mai zafi, wani ya ce a ɗura barkono a cikin ɓawon ƙwai a ajiye mata, mai sayar da abincin kaji ya ce buhun abincin leyas, wato kajin gona masu yin ƙwai, shi ne kaɗai magani, dattijuwar gida kuma ta ce a yanka ta tun ba ta koya wa sauran ba. Waɗannan shawarwari ba darajarsu ɗaya ba, domin wasu suna kashe matsalar daga tushe, wasu suna rage asara ne kawai, wasu kuma wahalar da dabba ce ba tare da an sami komai ba. Abin da zai nuna wa mai kiwo wadda ta dace da gidansa tambayoyi ne guda biyu: me ya fasa ƙwan farko, kuma don me ake kiwon kajin, don ƙyanƙyasa ne ko don ƙwan ci da na sayarwa?

Kafin a ɗora wa kaza laifi, ya kamata a tabbatar ita ce. A gidajen ƙasa na tsofaffin unguwanni da gidajen da ke kusa da fadama, gafiya da ɓera da maciji da guza duk suna cin ƙwai, kuma kowannensu da irin alamar da yake bari. Maciji haɗiye ƙwan yake yi ɗungurungum, a tarar da wurin a bushe, babu ɓawo babu danshi. Gafiya takan ja shi zuwa bakin raminta, ko ta huda shi ta gefe ta bar kwasfar. Kaza kuwa a cikin sheƙar take fasa shi, ta shanye ruwan, sau da yawa ta haɗa har da ɓawon, ta yadda abin da za a gani kawai shi ne shimfiɗar ta jiƙe ta dunƙule tana yauƙi, sauran ƙwan da ke wurin kuma sun yi dabbare-dabbare da rawaya. Hausawan da suka ce kaza ci ki goge baki sun lura da ita ƙwarai, don tana gamawa take goga bakinta a ƙasa hagu da dama, sai dai ba ta iya share ƙananan gashin da ke gindin baki da na wuya, kuma a nan ne gwaiduwa ke bushewa ta manne. Mai son gano ta sai ya ɗaga kajin ɗaya bayan ɗaya da hantsi ya duba fuskokinsu, ko ya ajiye ƙwai guda a tsakar gida ya koma gefe ya zuba ido. Wadda ba ta san daɗinsa ba za ta leƙa shi ta wuce, ko ta ɗan mirgina shi da baki, wadda ta saba kuwa da gudu za ta iso ta kai masa sara.

Akwai kuma abin da bai kamata a kira shi shan ƙwai ba. Kazar da ke kwanci, idan ƙwai ɗaya ya tsage a ƙarƙashinta, takan cinye shi ko ta fitar da shi, haka kuma takan ci ɓawon da 'yan tsaki suka fito daga ciki. Wannan tsabtace sheƙa ne, kuma yanka uwa mai kyau saboda shi asara ce babba.

Kusan kowace kaza, idan ta tarar da fasasshen ƙwai, za ta sha shi, domin abinci ne mai maiƙo da gina jiki wanda ya fi duk abin da take tsinta a bola. Matsalar tana farawa ne ranar da ta gane cewa wannan abin mai daɗi yana cikin kowane ƙwai, kuma bakinta zai iya buɗe shi. Daga nan sauran kaji, waɗanda dama ɗabi'arsu ce su ruga wurin duk wadda suka ga tana cin wani abu, sai su koya a wurinta. Ke nan ƙwan farko ba kazar ce ta fasa shi da gangan ba a mafi yawan lokuta, ko dai ɓawonsa ne ba shi da ƙwari, ko ya faɗa a kan daɓe ko siminti, ko kaji biyu sun yi turereniya a sheƙa ɗaya sun taka shi. Wanda ya fahimci wannan zai ga dalilin da ya sa nake fifita hanyoyin da ke hana ƙwai fashewa a kan hanyoyin da ke hukunta kaza.

Jikin kaza yana ɗaukar sa'o'i 24 zuwa 26 kafin ya kammala ƙwai guda, kuma kusan sa'o'i 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya, galibinsu da dare lokacin da kazar ba ta cin komai. Ɓawon nan kusan kashi 95 cikin 100 nasa haɗin sinadarin kalsiyam ne, kuma ƙwan kajin gona guda ɗaya yana fita da kimanin giram 2 na kalsiyam. Tunda ba duk abin da kaza ta ci ne jikinta ke tsotsa ba, mai yin ƙwai kullum tana buƙatar kimanin giram 4 a abincinta na yini. Gero da dawa da masara, waɗanda su ne abin da muke watsa wa kaji, giram 100 nasu ba ya ɗauke da ko kashi ɗaya bisa goma na giram guda, dusa ma ba ta tsinana komai ta wannan fuska. Kazar da ke yawo a gona ko a bakin gulbi tana cike giɓin da ƙwari da katantanwa da ganye da tsakuwa, amma wadda aka tsare a gidan da aka shafe tsakar gidansa da siminti, kamar yadda gidaje da yawa suke yanzu a Mabera da Arkilla da Gwiwa, ba ta da inda za ta samu. Sai jikinta ya riƙa zara daga ƙashinta, idan wannan ma ya yi ƙasa sai ɓawo ya fara fitowa siriri, wani lokaci ma ƙwan ya fito da tantani kawai.

A Sakkwato akwai ƙarin dalili wanda mai kiwo a Jos ba ya fama da shi kamar mu, wato zafin bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin jikin kaza kansa kimanin digiri 41 ne, kuma ba ta yin gumi. Hanyar da take sanyaya jiki ita ce ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Wannan hakin yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, ga shi kuwa da wannan iskar ce jikinta ke haɗa kalsiyam ya zama ɓawo. Ga kuma rage cin abinci da zafi ke sa ta yi. Shi ya sa kazar da ta shekara tana yin ƙwai lafiya za ta iya fara yin mai laushin ɓawo a watan Afrilu ba tare da an canza mata komai ba, kuma a irin wannan lokaci kaskon ruwa mai sanyi a inuwa, wanda ake sabuntawa da rana tsaka, yana cikin maganin. Kaza mai jin ƙishirwa ma takan fasa ƙwai don ruwan da ke cikinsa, tunda kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne.

Idan aka zaɓi gyaran abinci, akwai hanyoyi da dama, kuma sun bambanta a tsada da ƙarfi. Mafi araha ita ce mayar wa kaji ɓawon ƙwai. Mutane da yawa suna tsoron wannan, suna cewa shi ne ke koya musu shan ƙwai, kuma suna da gaskiya idan aka jefa musu shi ɗanye, rabi-rabi, da sauran ruwan ƙwai a jiki. Amma idan aka shanya shi, aka gasa shi a kasko har ya fara sauya launi, aka daka shi ya koma kamar tsaki, kazar ba za ta haɗa shi da abin da ke cikin sheƙarta ba, wutar kuma ta kashe ƙwayoyin cutar da ka iya biyo shi. Rauninta shi ne ɓawon da ake samu a gida ɗaya ba ya isa, sai dai a yi magana da mai shayin unguwa, wanda ke zubar da ɓawo cike da bokiti kowane dare, ya riƙa tara wa mutum. Irin wannan ɓawon da ya fito daga gonaki daban-daban shi ya fi buƙatar gashi sosai kafin ya shiga gida.

Ƙashin da aka ƙona har ya yi fari aka daka shi ma yana aiki, kuma ba ya wuyar samu wurin mahauta. Sai dai ƙashi yana tafe da sinadarin fosfaras mai yawa tare da kalsiyam ɗin, kuma fosfaras idan ya yi yawa shi kansa yana raunana ɓawo, saboda haka ƙashi ƙari ne, bai kamata a dogara da shi kaɗai ba. Abin da ya fi su duka ƙarfi da sauƙin aunawa shi ne dutsen laimiston da ɓawon kawa, wata dabbar ruwa mai kwanso, da ake kawowa daga kudu, waɗanda masu sayar da kayan haɗa abincin kaji ke ajiyewa, kowannensu fiye da kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa kalsiyam ne. A nan akwai wani abu da ake yawan kuskurewa: mai tsakuwa-tsakuwa, kamar girman ƙwayar dawa, ya fi mai laushi kamar gari amfani, domin yana zama a ƙundun kaza yana narkewa a hankali cikin dare, daidai lokacin da ake gina ɓawo, shi kuwa garin wucewa yake yi da wuri. Ƙasar Sakkwato tana da wannan dutse da yawa, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina, amma wannan ba ya nufin a ɗebo siminti ko farar ƙasar shafen bango a ba kaji, domin waɗannan an ƙona su, suna cin baki da hanji. A sayi wanda aka tanada don abincin dabbobi, a zuba shi a wani kasko daban maimakon a cakuɗa da hatsi, ta yadda mai yin ƙwai za ta ɗiba gwargwadon buƙatarta, zakara da 'yan tsaki kuma su bar shi, don yawan kalsiyam yana lalata ƙodar ƙananan kaji.

Buhun abincin leyas ya haɗa komai, yana da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100 da furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 16 zuwa 18, kuma ga mai kajin gona irin su Shika Brown da sauran jajayen leyas, waɗanda ke iya yin ƙwai sama da 250 a shekara, wannan abinci dole ne. Kowace ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, wato buhu mai kilo 25 yana yi wa kaji 30 kimanin mako guda. Tsadar nan ce ke sa wasu su riƙa cakuɗa shi da dusa rabi da rabi don ya daɗe, kuma a ganina wannan yana cikin manyan abubuwan da ke haifar da shan ƙwai a ƙananan gidajen kaji na cikin gari, domin an raba kalsiyam ɗin biyu alhali kazar ba ta rage yin ƙwai nan take ba. Ga kajin Hausa kuwa, waɗanda ke yin ƙwai 10 zuwa 15 su kwanta, jimlar shekara ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba, sayen buhu ba ya mayar da kuɗinsa. Su abin da ya fi dacewa shi ne hatsi da dusar da aka saba, da kaskon laimiston ko gasasshen ɓawo, da ɗan abin gina jiki kamar gara, fara, garin ƙananan kifi, ƙuli-ƙulin da ba shi da gishiri da yawa, soyayyen waken suya, da ganyen zogale. Waken suya ɗanye yana hana narkewar abinci, sai an soya shi.

Gyaran abinci yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Yana ƙarfafa ɓawo cikin mako ɗaya ko biyu, yana hana sababbin kaji koyo, amma ba ya goge abin da tsohuwar mai laifi ta riga ta sani. Wadda ta ƙware tana iya fasa ƙwai mai ƙwarin ɓawo ma, sai dai ta ƙara sara. Don haka ba a tsayawa a kan abinci kaɗai.

Gyaran sheƙa shi ne ke biye, kuma kusan kyauta ne. Kaza da ido take sara, abin da ba ta gani sosai ba ta cika kai masa baki ba, kuma ita kanta ta fi son lungu mai duhu idan za ta yi ƙwai. Tsohuwar randa ko babbar tukunyar ƙasa da ta tsage, idan aka kwantar da ita a gefenta aka juya bakinta wajen bango, aka bar ratar da kaza za ta shiga, aka zuba yashi a ƙasa sannan aka ɗora ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi mai kaurin yatsu huɗu, ta zama sheƙar da ta fi yawancin abin da kafinta zai ƙera. Tana da duhu, ƙwai yana taruwa a tsakiyarta a kan abu mai laushi, kuma yumɓu ba ya ɗaukar zafi kamar kwano ko roba. Jarka mai lita 25 da aka yanke gefenta ta fi sauƙin wankewa, ƙuma da ƙwarƙwata ba su samun wurin ɓuya a jikinta, amma a bazara tana zafi, sai an sa ta a inuwa mai kyau an kuma rataya tsumman buhu a bakinta. Kowace aka zaɓa, a tanadi sheƙa ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, a kuma kwashe shimfiɗar gaba ɗaya duk ranar da ƙwai ya fashe a kanta, domin ɓuntun da ya sha gwaiduwa shi kansa makaranta ce ga sauran kaji.

Kwashe ƙwai da wuri yana tafiya tare da wannan. Yawancin kaji da safe suke yin ƙwai, daga fitowar rana zuwa kafin azahar, saboda haka leƙawa sau biyu ko uku a wannan tsakanin yana rage damar sara ƙwarai. Matar da ke gida wannan bai fi ƙarfinta ba, yara ma za su iya idan babu makaranta. Inda ake samun cikas shi ne wurin masu son ƙyanƙyasa, domin al'adarmu ita ce a bar wa kaza ƙwanta ya taru har ta kwanta, wato kusan mako biyu ƙwai yana zube ba mai tsaronsa. Mafita ita ce a riƙa ɗauke na kowace rana, a rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir, a ajiye a ƙwarya mai ɓuntu a gindin randar ruwa inda ya fi sanyi a gidan, ba tare da an wanke shi ba, a bar mata ƙwan bogi ɗaya ko biyu don kada ta canza wuri. Ranar da ta kama kwanci sosai, ta kwana a sheƙa tana hura gashi idan an matso, sai a mayar mata da takwas ko goma mafi sabunta, a soya tsofaffin, tunda dama ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye, musamman a zafi, ƙyanƙyasarsa raguwa take yi. Daga nan kwana 21 ne, kuma kaza mai kwanci ba ta barin wata ta taɓa mata ƙwai cikin sauƙi.

Akwai sheƙa mai gangara, wadda aka ɗauko dabararta daga kejin manyan gonaki. Ana karkata ƙasanta kaɗan, kamar santimita 4 a tsawon santimita 30, ta yadda da zarar kaza ta miƙe ƙwan zai gangara ta ƙarƙashin wani katako zuwa wani ɗan akwati mai murfi inda baki ba ya kaiwa. Ba a zuba mata ɓuntu, sai dai a shimfiɗa guntun kafet ko roba, a kuma sa tsumma a ƙarshen gangaren don kada ƙwan ya bugu. Cikin duk hanyoyin nan ita kaɗai ce ke aiki ko da kazar ba ta daina halinta ba, kuma ita ce ta dace da ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke fita da safe sai la'asar. Aibinta uku ne: tana buƙatar kuɗin kafinta, kaji sukan ƙi ta da farko su koma yin ƙwai a ƙasa har sai sun saba, kuma ba ta da amfani ko kaɗan ga mai son kaza ta yi kwanci.

Ƙwan bogi yana da ɗan amfani idan an kama abin da wuri. Masassaƙi zai iya fere shi daga itace mai nauyi a shafa masa farin fenti, kuma ya fi dutse, don dutse yana fasa ƙwan gaske idan kaza tana juya su. Wadda ta fara koyo, idan ta sara sau da yawa ba ta sami komai ba, takan haƙura. Tsohuwar gwana kuwa ba ta daɗewa take bambance su. Ƙwan barkono kuwa ɓata lokaci ne, domin tsuntsaye ba sa jin zafin barkono kamar yadda mutum da akuya ke ji, kazar za ta shanye shi ta nemi ƙari, an kuma ƙara mata darasin fasa ƙwai. Masu zuba omo ko kananzir a ciki suna iya kashe kazar ko su gurɓata namanta da ƙwanta, wannan kam a bar shi.

Batun baki shi ne inda na fi son a tsaya a yi tunani. Ƙarshen bakin kaza na sama yana da ɗan tsini mai haske wanda ba shi da rai, kamar farcen da ya yi tsawo, amma daga bayansa kaɗan akwai jijiyoyi da hanyoyin jini, kuma da wannan bakin take tantance abin da take tsinta. Idan aka riƙe ta da kyau aka goge tsinin nan kawai da abin gyaran farce, milimita ɗaya ko biyu, ba ta jin ciwo, saranta yana rage kaifi na 'yan makonni kafin ya sake tsirowa, kuma wannan rata takan isa a gyara abinci da sheƙa. Wannan daban yake da ɗora wuƙa mai zafi ko garwashi a bakin babbar kaza. Manyan gonaki da ke rage baki suna yi ne da na'ura tun kajin suna 'yan kwanaki, kuma duk da haka ƙasashe irin su Norwe da Suwidin sun hana shi saboda wahalar da ke ciki. Babbar kazar da aka ƙona wa baki tana iya zubar da jini, ta yi kwanaki ba ta ci, ta daina ƙwai gaba ɗaya, kuma ko ta warke ba ta iya tsintar gero ƙwaya-ƙwaya daga ƙasa, ba ta iya fige ƙwarƙwata daga jikinta, ba ta iya farfasa wa 'ya'yanta abinci. Kazar leyas da ke ci daga kwano mai zurfi za ta iya rayuwa da guntun baki, amma kazar Hausa da bakinta take neman abincinta. Haka soka mata gashin fiffike ta hanci, wanda wasu ke yi, ciwo ne da kumburi kawai. Addininmu ya hana yi wa dabba lalas a fuska, kuma ban ga hujjar da za ta sa a ƙona fuskar kaza a kan abin da kaskon ɓawo da tsohuwar randa za su iya gyarawa ba.

Ware mai laifin ita kaɗai, a ƙarƙashin babban kwando ko wani akurki a inuwa, da ruwa da abinci mai kyau da ƙwan itace, ana ɗauke ƙwanta da zarar ta yi kyarkyara, yana kare sauran kaji daga koyo tun daga ranar farko, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin yin sa. Mako biyu sun isa a gane ko za ta daina. Idan aka sake ta aka kuma gwada ta da ƙwai a tsakar gida ta ruga ta sara, to an kai inda dattijuwar gida ta faɗa tun farko, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Namanta lafiyayye ne, shan ƙwai ba cuta ba ce, kuma 'ya'yanta ba su gaje shi a jini ba tunda hali ne na koyo. Wanda ya fi son kuɗinta yana iya kai ta kasuwa, amma ya sayar wa masu yanka ko ya faɗa wa mai saye gaskiya, domin miƙa ta ga wata baiwar Allah da ta tara kuɗin adashi don ta fara kiwo, ba tare da an bayyana aibin ba, algus ne wanda shari'a ta hana, kuma zai lalata mata duk kajin da take da su.

Ga uwargida mai kajin Hausa biyar ko goma da take kiwo don su hayayyafa ta sayar lokacin salla ko buƙata ta taso, abin da ya fi mata shi ne randa mai duhu, kaskon gasasshen ɓawo, ruwa a inuwa, da ɗauke ƙwai kullum har kaza ta kwanta, kuma kada ta kashe kuɗi a kan buhun leyas ko sheƙa mai gangara. Idan kaza ɗaya ce tak ke ɓarnar kuma ba wata uwa ta musamman ba ce, yanka ta da wuri ya fi mata sauƙi a kan mako biyu na tsaro. Amma idan uwa ce mai kwanci da kyau, mai kare 'ya'yanta daga shirwa, ta cancanci a ware ta a gwada, don irinta ba a samunta a kasuwa da ganin ido. Mai leyas 30 ko 50 a bayan gida lissafinsa daban ne, domin a garke irin wannan da wuya a ce kaza ɗaya ce, kuma yanka ɗaya-ɗaya zai cinye jarin kafin a gano ta ƙarshe. Shi ya fara da daina cakuɗa abinci da dusa, ya ƙara laimiston mai tsakuwa da yamma, ya rage cunkoso da hasken da ke shiga wurin ƙwai, ya ɗora zana ko kara a kan rufin kwano, sannan ya sa kuɗi a sheƙa mai gangara, wadda a wurinsa za ta biya kanta da ƙwan da take tserar wa. Idan kajin sun haura shekara ɗaya da rabi suna yin ƙwai, ya sani cewa tsufa ma yana sa ƙwai ya ƙara girma ɓawonsa ya ƙara sirancewa, kuma wataƙila lokacin sayar da su ne ya yi.

Wani yanayi guda ne duk waɗannan hanyoyi ba su shafe shi ba. Idan kaji da yawa suka fara yin ƙwai mai laushi ko mai yamutsattsen ɓawo a lokaci ɗaya, ƙwan ya ragu kwatsam, ana jin tari ko minshari da dare, ko ana ganin koren zawo da murɗewar wuya, musamman a lokacin hunturu, to ana maganar cuta ce irin Niyukasil ko ciwon mashaƙon kaji, waɗanda ke lalata mahaifar ƙwai, kuma shan ƙwan da ake gani reshe ne kawai. A nan sai a ware marasa lafiya, a daina shigo da sababbin kaji daga kasuwa, a nemi likitan dabbobi na gwamnati ko a je asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Rigakafin Niyukasil, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ana ɗiga shi a ido ko a ba da shi a ruwan sha, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa shi kafin sanyi ya shigo, a riƙa maimaitawa bayan kowane wata uku ko huɗu.